Kakar da Koci Lawali ya ƙi ajiye golansa

Shekara bakwai ke nan da muka rufe Lawali a maƙabartar Gummi. Ga mutanen Anka da Bukkuyum da Gummi, in aka ce Koci Lawali an gama bayani. Ga sauran masu karatu kuwa, shi ne ya horar da Taurarin Gulbi, ƙungiyar ƙwallon ƙafar da ta taɓa ɗaukar sunan garuruwanmu uku ta kai shi ƙaramin rukuni na gasar ƙasa, wanda duk ƙungiyar da ta faɗo daga cikinsa sai gasar jiha. Ni ne mataimakinsa a wannan aiki. Kafin nan kuma abokinsa ne ni tun muna zaune gaban allo a zauren mahaifinsa.

Duk shekara in wannan lokaci ya zagayo, abokai sukan tuna kakar wasan da muka hau, da yadda 'yan kabu-kabu suka tarye mu tun daga bayan gari suna busa ham. Ni kakar da muka faɗo nake tunawa, kuma ita nake so in ba da labarinta, domin a cikinta ne na ga iyakar mutumin da na yi zaton na riga na sani.

Mahaifinsa malami ne mai makarantar allo, haka ma kakansa. Lawali ya sauke Alƙur'ani kafin ya mallaki takalmin ƙwallo na kansa. Malam bai taɓa zuwa kallon wasansa ba, bai kuma taɓa hana shi ba. Sharaɗinsa ɗaya ne, kada ƙwallo ta ci masa la'asar. Lawali ya buga tsakiya har ya fara suna, sai gwiwarsa ta hagu ta ƙi, ya dawo gida yana ɗingishi da usur a wuya. Bai da yawan magana, bai da ihu a bakin fili. In ɗan wasa ya yi shirme, sai ya kira sunansa sau ɗaya ya yi shiru, kuma wannan shirun ya fi zagi zafi.

A takarda mu ƙwararru ne. A zahiri kuwa manoma ne 'yan wasanmu, da 'yan kabu-kabu, da waɗanda muka ciro daga ramin haƙar zinariya. An kama mana gida a Gummi muka mai da shi sansani. Babbar matsalarmu damina ce, don gasar takan faɗo daidai lokacin noma, sai ka wayi gari ɗan gabanka ya sulale ƙauye saboda ciyawa ta tasar wa gonar ubansa. Wasu kociyoyin hukunci suke yankewa. Lawali gayya ya mai da abin. Ranar da babu atisaye, sai ƙungiya duka ta hau babura ta faɗa gonar mutum ɗaya, a nome ta tas kafin azahar. Mun yi noma a ƙauyukan Anka, mun yi a na Gummi, mun yi a Yargalma, inda ya tsaya a kanmu da buta da sabulu sai da kowa ya wanke hannu da kyau kafin ya taɓa fura, saboda gubar dalmar da ta taɓa cinye yaran garin. Ta haka ɗan Anka ya san ƙofar gidan ɗan Bukkuyum, ya san sunan innarsa.

Sambo a Nasarawa Burkullu muka same shi, ranar kasuwa, a wani wasan unguwa da muka tsaya kallo. Bafulatani ne daga wata ruga da ke kusa, dogo, siriri, ba takalmi ba safar hannu. Lawali ya daɗe yana kallonsa, sannan ya taɓa ni ya ce, “Umaru, dubi wanga gola. Ba ƙwallo yake kallo ba, ƙahwar mai bugu yake kallo.” Sai da muka je rugarsu sau da dama, muka sha nono muka sha tambayoyi, kafin mahaifinsa ya sake shi. Cikin 'yan watanni ya zama golanmu na farko, mai tsaron gidanmu. 'Yan kallo suka laƙaba masa Fillo, suna ne na wasa da ƙauna, kuma duk ƙwallon da ya cafke sai fili ya ɗauka, Fillo ya kama.

Wanda ke tsaye gabansa a baya shi ne Kabiru, kyaftin ɗinmu, ɗan wani ƙauye da ke bayan Anka. Ɗaki ɗaya suke kwana a sansani. Kabiru ne ya koya wa Sambo ɗaga murya a fili, don da farko ko “bar mini” kunyar faɗa yake yi. A kakar da nake magana, da su biyu a baya muka gama zagaye na farko a saman teburi cikin na gaba-gaba, ba kuma wanda ya zo Gummi ya ci mu.

Muna cikin zagaye na biyu, wata yamma ana atisaye, aka kira Kabiru a waya. 'Yan bindiga sun faɗa wa gonakin ƙauyensu da rana tsaka, sun kashe mutane, sun kore dabbobi. Wansa na cikin waɗanda aka kashe, da hauya a hannunsa. Ya bar mata da ƙananan yara.

Ba sai na gaya wa ɗan Zamfara abin da kan biyo bayan irin wannan labari ba. A kwanakin nan duk mai fuskar Fulani shi ke biyan laifin da bai ji ba bai gani ba. Da za mu je ta'aziyya, Lawali ya ce Sambo ya zauna sansani, saboda zukata suna tafasa kuma ba ya son a yi abin da ba za a iya gyarawa ba. Kabiru ya karɓi gaisuwarmu kansa a ƙasa. Bai tambayi kowa ba, bai kuma ce mana ga ranar dawowarsa ba.

Wasanmu na gida da ya biyo baya shi ne karo na farko da na ji filin Gummi ya yi tsit lokacin da Sambo ya cafke ƙwallo. Bayan hutun rabin lokaci aka fara jifansa da ledar ruwa daga bayan raga, daga nan aka koma tsakuwa, ana kiransa da sunayen da ba zan rubuta a jarida ba. Mutanen da makonni kaɗan baya suke ɗaukarsa a kafaɗa ne. Washegari wasu daga cikin 'yan wasanmu suka zo suka ce ba za su ƙara saka jesi ɗaya da shi ba. Ba zan kama sunansu ba. Yawancinsu suna da kabarin da ke ci musu rai, kuma wasunsu sun daɗe da yin nadama.

Shugaban ƙungiya ma ya zo da kansa. Dattijo ne mai kirki, tsoro ne ya kawo shi. Ya ce, “Koci, ban ce yaron ga ya yi laihi ba. A dai aje shi benci har ƙura ta lafa, don lahiyatai da tamu.”

Lawali ya ce, “Ranka shi daɗe, in ya yi sakaci cikin raga, ni da kaina za ni zare shi, ba sai an ce mini ba. Amma ban iya zare shi don yarensu. In kun samu kocin da ka iyawa, ga usur.” Ya cire usur ɗin daga wuyansa ya aza kan benci. Dattijon ya dube shi, ya dubi usur, ya tashi ya tafi bai ɗauka ba.

Kusan rabin waɗanda muke fara wasa da su suka kwashe kayansu. Muka cike gurbi da 'yan benci da waɗanda ba su taɓa buga wasan gasa ba.

A ranar da la'asar na iske Sambo ya ɗaure jakarsa. Na kira Lawali. Sai a lokacin muka ji abin da ya ɓoye mana: tun kafin harin ƙauyen su Kabiru, irin mutanen nan sun kore shanun mahaifinsa, kuma iyayensa mata sun daina kai nono kasuwa don tsoron a tare su a hanya. Daji ya hana su zama, gari ya hana su shiga.

“Mi ya hana ka hwaɗi?” in ji Lawali.

“Wa za ya yarda, Koci?”

“Ni.” Sannan ya ce, “In tsoron ranka kake ji, ɗauko jakar in kai ka tasha da kaina, ba wanda za ya ga laihinka. In kuwa kunya ce, aje ta. Ba ka yi abin kunya ba.”

Sambo ya daɗe tsaye, sannan ya kwance jakar.

Daga nan muka shiga shan kashi. A ci mu a waje, a zo gida a raba maki da mu ko a ci mu. Muka gangaro daga saman teburi har muka kai inda ake faɗawa. Mutane suka ƙaurace wa fili, waɗanda suka zo kuma zagi ya kawo su. Wata rana aka jefi ƙyauren gidan su Lawali, inda mahaifiyarsa take. Wannan ne kaɗai ya girgiza shi. Tare muka shiga wurin Inna, ya durƙusa ya kwashe labari ya faɗa mata, ya ce in ta ce ya ajiye aikin zai ajiye a ranar.

Inna tana tsince shinkafa a faifai, ba ta ɗago ba ta ce, “Yaron ga da aka ta magana, ya yi wani abu?”

“Bai yi ba, Inna.”

“To mi kake nema gare ni? Tashi ka tai wurin aikinka.”

Tun daga ranar, duk yamma akwai kwanon tuwo da ke fitowa daga gidan zuwa sansani, a ce na Sambo ne. Ta cikin unguwa ake wucewa da shi, kowa yana gani, kuma ba a sake jifan ƙyauren ba.

Nakan tambayi kaina me Lawali zai ce da ya ga yau. Hanyar Anka zuwa Gummi da muke bi da babura ba tare da tunanin komai ba, yanzu sai an yi tambaya kafin a hau ta. Ƙauyuka da yawa da muka yi gayya a cikinsu sun tashi, mutanensu suna zaune a Anka da Gummi a ɗakunan aro. Matasa sun san 'yan wasan Turai har da 'yan bencinsu, amma ba su da ƙungiyar garinsu da za su je kallo. Na tabbata zai ji ciwon wannan, na kuma tabbata ba zai tsaya kuka a kai ba. Zai tambayi ina ne filin da ya rage, su wa ke zuwa, kuma akwai wanda aka hana shiga? Tambayarsa ta ƙarshe ita ce za ta fi damunsa.

In koma ga kakar. Kabiru bai dawo ba, wayarsa a kashe. Kowa yana cewa Lawali ya je ya lallashe shi, don ba mu da mai tsaron baya kamarsa. Ya ƙi. Ya ce wanda ke cikin makoki ba a zuwar masa da zancen maki. Amma da labari ya zo cewa ciyawa ta shanye gonar marigayin, Kabiru shi kaɗai yake fama da ita da tasa, sai ya ce mu shirya gayya.

Sambo ya ce zai je. Na ce bai kamata ba, don ina tsoron abin da zai iya faruwa. Sambo ya ce, “Malam Umaru, na ci tuwon gidan nan. Ban je gaisuwa ba. In ban je wagga ba, da wane ido za ni dubi Kabiru?” Sai da Lawali ya riga mu zuwa ƙauyen ya zauna da mai gari, ya faɗa masa ko wane ne zai zo da shi, ya karɓi alkawari, sannan ya yarda.

Da hantsi muka isa. Kabiru yana cikin gonar. Ya ɗago ya gan mu, ya ga Sambo, ya sunkuya ya ci gaba da nomansa. Kowa ya kama kunyar shuka ya shiga aiki. Mutanen ƙauyen suka taru a bakin gona suna kallo, wasu suna ƙus-ƙus, mai gari yana zaune gindin wata bishiya bai motsa ba.

Sambo makiyayi ne, sanda ya sani, bai san hauya ba. A gayyar baya ruwa da fura muke sa shi ɗauka. Ranar ya ƙi. Kafin rana ta take, tafin hannunsa ya yi bororo ya fashe, ƙotar hauyar ta yi ja. Na raɗa wa Lawali cewa hannun golanmu ne ke lalacewa, ga wasa a gabanmu. Ya ce in ƙyale shi.

Kabiru ya kai ƙarshen kunyarsa ya juyo, ya zo daidai inda Sambo yake fama. Ya tsaya yana kallon hannun. Sai ya miƙa hannu ya karɓi hauyar, ya ce, “Ba haka aka riƙonta ba. Sassauta hannu, bari ita ta yi aikin.” Ya sari ƙasa ya nuna masa, ya mayar masa da ita, ya koma kunyarsa. Iyakar abin da ya shiga tsakaninsu ke nan a ranar. Da za mu tafi, matar marigayin ta aiko da fura a ƙwarya, aka sha har da Sambo.

Mako na zagayowa Kabiru ya shigo sansani da jakarsa, ya wuce kai tsaye ɗakinsu na da. Wasu daga cikin waɗanda suka tafi suka biyo shi, wasu ba su dawo ba har abada. Ba su koma hira kamar da ba, shi da Sambo, amma a fili sun koma jin juna. Muka fara cin wasa. Mutane suka fara dawowa kallo, da kaɗan-kaɗan, suna ɗan jin nauyi. Sai dai mun riga mun zubar da maki da yawa. Muka je wasan ƙarshe a wata jiha maƙwabciya, dole sai mun ci kafin mu tsira.

Ruwa aka yi kamar da bakin ƙwarya, fili ya zama taɓo. Mu muka fara jefa ƙwallo, muka riƙe har wasa ya kusa tashi. Sai wani ɗan wasansu ya buga wata ƙwallo daga nesa, ba ƙarfi ba dabara, irin wadda Sambo ke kamawa yana dariya. Ta zame daga hannunsa ta gangara cikin raga. Ya kife a taɓon bai tashi ba. Na dubi 'yan wasanmu, na san abin da wasu ke shirin tunani, na san abin da za a ce a Gummi kafin mu isa. Kabiru ya taka ya je, ya kama shi ta hammata ya ɗaga shi tsaye, ya share masa taɓo a fuska da jesinsa. Muna bakin fili muka ji muryarsa: “Tashi, Fillo. Da sauran lokaci.” Tun ranar harin ba wanda ya ƙara kiransa da wannan suna sai a lokacin.

Lokacin bai ishe mu ba. Aka tashi kunnen doki, muka faɗo.

A mota, kafin direba ya tayar, Lawali ya miƙe ya ce, “Mun faɗi, kuma ni na ja muku. Da na aje Sambo tun farko, wataƙila da yanzu muna sama. In aka maido ni baya, abin da na yi shi za ni sake yi. Wanda ya ji haushi, haushina za ya ji, kak ku kai shi wurin kowa.” Ya zauna ya miƙe gwiwarsa mai ciwo, muka kama hanya.

An sallame shi bayan 'yan makonni, ni ma na bi shi. Ya koma zauren mahaifinsa yana biya wa ɗalibai karatu da safe, da yamma ya je filin makaranta da usur ɗinsa. Ban taɓa jin ya zagi waɗanda suka sallame shi ba. Ciwon hanta ya kwantar da shi a shekarar da ta biyo, bai daɗe ba Allah ya karɓi abinsa. Ranar jana'iza, da aka ce dangi su shiga kabari su karɓe shi, ƙannensa suka ja baya suka ba Kabiru da Sambo wuri. Su biyu suka kwantar da shi.

Har yau akwai masu cewa taurin kan Lawali ne ya kashe Taurarin Gulbi, don ƙungiyar ba ta sake hawa ba, daga baya ma ta watse. Ba na musu da su a kan teburi, gaskiyarsu ce, mun faɗo. Abin da na sani shi ne, na ga ƙungiyoyin da suka hau a shekarar, yawancinsu yau ba wanda ke tuna sunansu. Namu 'yan wasan kuwa, duk inda suka watsu, a Anka ko Bukkuyum ko kudu wurin neman abinci, in aka fara zancen kashe wani don kamanninsa, akwai mutum guda a majalisar da ba zai sa baki ba, wani lokaci ma ya tsawatar. Ba kofi ba ne, ba a rataye shi a bango, amma na gan shi da idona fiye da sau ɗaya, kuma na san inda suka koyo shi.

Kabiru yanzu a Anka yake, ƙauyensu ya tashi. Yana riƙe da iyalin wansa tare da nasa. Sambo ya samu ƙungiya a wata jiha, yana can yana tsaron raga. Bara rugarsu ta watse gaba ɗaya, tsohonsa da innarsa da ƙannensa mata suka rasa inda za su sa kansu. Kabiru ya ɗauki mota ya je ya kwaso su, ya share musu ɗakuna a gidansa da ya riga ya cika. Ina zaune a ƙofar gidan wata rana wani maƙwabci ya zo, ya yi ta kewaye-kewaye, daga ƙarshe ya tambaya su wane ne waɗannan baƙi da aka ajiye a unguwa ba a shawarci kowa ba.

Kabiru ya ce, “Ba baƙi ba ne. Iyayen mai tsaron gidanmu ne.”

Allah ya jiƙan Lawali, ya haskaka kabarinsa, ya ba ƙasarmu lafiya.